Ɗan da Larai Ba Ta Ƙirga Ba

A Gidan Marke, wani ɗan ƙauye da ke bayan Tsanyawa, in ka ce Larai za a tambaye ka wacce, don Laraye huɗu ne a garin. Amma in ka ce Larai Ban-yarda-ba, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka ƙofar gidan. Sunan ba zagi ba ne. Ita ma tana amsawa, sai dai takan fara duba wanda ya kira tukuna.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tun kafin a kawo waya garin. Ranar kasuwa da kwanonta take zuwa awon gyaɗa, ba ta yarda da na mai sayarwa ba. Kwanon nata ma, in ya kwana a gidan maƙwabta, sai ta juya shi ta ƙwanƙwasa gindinsa ta ji ko an buga shi ya shige ciki. Shekarar da aka raba gidan sauro kyauta, kowa ya ɗaura nasa a ɗaki, ita kuwa ta ɗaura wa tunkiyarta na kwana bakwai. Da tunkiya ba ta mutu ba, ta ce wataƙila ba a yi shi don tumaki ba, ta ƙara kwana bakwai. In mai labarai ya gama bayani a rediyo, abin da take cewa kullum ɗaya ne: "To shi a ina ya ji?"

Mijinta, Malam Khalilu, manomi ne mai sanyin hali. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya faɗi a gona yana tsakiyar huɗa, kafin a kawo shi gida rai ya yi halinsa. Mutane suka ce iska ce ta buge shi. Larai ba ta yarda da iskar ba, ba ta kuma yarda da mutanen ba. Bayan shekara goma ɗanta Tahir, ƙato lafiyayye mai ɗaukar buhun dawa shi kaɗai, ya riƙe kai a bakin rijiya ya ce wayyo, shi ma bai sake magana ba. Daga nan Larai ta daina cin abincin biki, ta daina barin takalminta a waje, in ta yi kitso sai ta tattara gashin da ya zube ta binne da hannunta.

Akwai kuma wani ɗan nata, amma wannan ba a bakinta za ka ji ba. Uwar Larai Bafulatana ce, Larai kuwa ta gado kunyar ɗan fari irin ta da, wadda ba ta tsufa. Tana yaye shi aka miƙa shi ga wanta Yahya a wajen Makoda, can ya girma, kowa na ce masa ɗan Yahya. Da watan Sha'aban aka haife shi, sunansa ke nan. Shekara arba'in da biyu Larai ba ta taɓa furta sunan ba. Watan ma in ya kama, sai ta ce watan sha ruwan tsofaffi ya tsaya. In dole ta ambace shi, sai ta ce "na Makoda." Shi kuma Gwaggo yake ce mata, yadda 'ya'yan Yahya ke faɗa. Tsofaffin gari sun san gaskiya, shi ya sani, ita ta sani, ba wanda ya taɓa ganin dalilin faɗa.

Ana nan sai shekarar korona ta zo. Aka rufe hanyar birni, aka kafa shingaye, azumi ya kama cikin zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Kullum sai a ji an ce wane ya rasu a Kano, wane ma ya bi shi. Cikin haka labari ya iso cewa Aina'u, 'yar Larai da ke aure a birni, ta yanke jiki ta faɗi tana wanke-wanke. Ita dai Allah ya taimake ta, mijinta ya kai ta babban asibiti da wuri. Larai ta ɗaure kaya za ta tafi, aka ce ba mota, ko an samu mota ba a barin masu dubiya.

Kwana shida bayan haka Malam Abdulrashid, malamin asibitin sha-ka-tafi na garin, ya yi sallama a ƙofar gida. Baƙo ne, watansa takwas da aka turo shi, mutum mai furfura da haƙuri. Ya ce likitar Aina'u na son magana da Inna.

"Ta zo?" in ji Larai.

"A waya za ku ga juna. Yanzu haka ake ganin likita, Inna, saboda annoba."

"Likitan da ba zai taɓa ka ba, me zai gani?"

Duk da haka ta yafa mayafi ta bi shi. A Gidan Marke wuri ɗaya ne sabis ke tsayawa da ƙafarsa, wato kan tsibin takin da mai unguwa ya tara a bayan asibitin yana jiran damina. Duk mai son kiran da ake ganin fuska sai ya hau. Malam Abdulrashid ya hau, ya miƙo mata hannun rigarsa, ta ƙi kamawa, ta hau da kanta. Ta ja mayafi ta rufe fuska sai ido ɗaya, don ta ji an ce wayar tana ajiye hoton mutum.

Wata mata ta bayyana a gilashin, ta sauke takunkumi zuwa haɓa.

"Inna, ina kwana? Ya ibada? Sunana Likita Amsa, ni ke duba Aina'u."

"Amsa?" Larai ta juya ga Malam Abdulrashid. "Babarbariya ce? To an gama da mu."

Likita ta ƙyalƙyale da dariya. "Au, jinin Fulani ne? Shi ya sa ake leƙo ni da ido ɗaya kamar na zo satar saniya. Inna, 'yarki na nan da rai. Bakinta bai gama warwarewa ba, amma tana gane mutane."

Ta yi mata bayani a hankali. Ta ce akwai jijiyoyin jini a cikin kai, wani lokaci bangon ɗaya yakan yi laushi ya kumburo, kamar yadda tiyub ɗin keke ke yin ciki a gefe guda. Mutum na yawo bai sani ba, rana ɗaya ya fashe. Na Aina'u ya tsage ne kaɗan, an yi mata aiki an ɗaure wurin.

"Kun buɗe mata kai?"

"Mun buɗe, mun rufe."

"Kun mayar da komai da komai?"

"Ko tsinke ba mu rage ba, Inna."

Sai likita ta ce mijin Aina'u ya gaya mata yadda uban da wan suka rasu, shi ya sa take neman wanda ya gani da idonsa. "Malam Khalilu, kafin ya faɗi, ya yi kukan ciwon kai? Yakan riƙe ƙeya? Kin lura ko fatar idonsa ɗaya ta sauko, kamar mai jin barci da ido guda?"

Larai ta ƙura wa gilashin idonta ɗaya. Kwana biyar kafin rasuwar Malam Khalilu idonsa na hagu ya sauko. Ita kaɗai ta lura, ita ta shafa masa man shanu, ba ta kuma taɓa gaya wa ko mahaifiyarta ba. Yanzu ga wata Babarbariya a cikin gilashi, wadda ba ta taɓa taka garin ba, tana faɗar abin kamar tana ɗakin. A sanin Larai, mutum biyu ne ke sanin irin wannan: mai duba, da wanda ya yi asirin.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Haka ciwon kan yi wa wasu."

"Hmm," in ji Larai.

Likita ta ce tunda abin ya taɓa uba da 'ya'ya biyu, ta wajen Malam ya biyo, don haka duk wanda Malam ya haifa ya kamata a ɗauki hoton kansa a na'ura. Za ta aiko da takardar wucewa shinge da sunan kowa. Sannan akwai wani bincike da suke yi, ga wanda ya yarda kawai: a tofa yawu a 'yar kwalba, su duba abin da ɗa ke gadowa daga iyaye, ko za su ga alamar da ke nuna wanda ciwon ke bi.

"Ba zan ce miki yawun zai faɗi komai ba," in ji ta. "Har yanzu koyo muke yi."

"Koyo? A kanmu?"

"Hoton ne mai nuna gaskiya, Inna. Yawun don na gaba ne."

Larai ta ƙara jan mayafi. Ita da ke binne gashinta, yau ake cewa 'ya'yanta su tofa yawu a kwalba, a rubuta suna a jiki, a tafi da shi inda ba ta sani ba. Ga shi a garin ana ta cewa duk wanda aka ɗebi wani abu daga bakinsa, motar korona ce ke biyo baya.

"'Ya'ya nawa kuka haifa da Malam?"

"Ba a ƙirga mutane. Ba tumaki ba ne."

"To faɗo mini sunayensu, ni zan ɗauki alhakin ƙirgar."

Malam Abdulrashid ya maƙale wayar a hannu ɗaya, ya dafa takarda a gwiwa. Larai ta ce Tahir, Allah ya ji ƙansa. Ta ce Aina'u. Ta ce Hafiza, auta, da ke aure a ƙauyen gaba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta sauko daga kan takin zuciyarta fes. Ba ta ga ta yi ƙarya ba. An ce ta faɗi sunaye, ta faɗi waɗanda bakinta ke iya faɗa. Kuma in ma tarko ne, to ga guda ya tsira.

Da Hafiza ta zo washegari ta ga takardar da sunanta kaɗai, sai ta ɗago kai. "Inna, Yaya fa?"

"Wace yayar? Aina'u na can a hannunsu."

"Inna, kin san wanda nake nufi."

"A bar wa Yahya ɗansa. In kuma na ji kin kai musu surutu, ni da ke ne."

Hafiza ta tofa nata yawun, wanda da azumi ba abu ne mai wuyar samu ba. Larai ta tsaya a kan Malam Abdulrashid har ya rufe kwalbar, ta tambaye shi a ina za ta kwana, wa ke da makullin akwatin, direban da zai kai ɗan wane gari ne. Hafiza ta tafi birni da mijinta, ta dawo washegari da hantsi. Larai ta zaunar da ita a tabarma, ta cire mata kallabi, ta bi kitson layi-layi tana neman inda aka tsaga. Ba ta ga komai ba. Hafiza ta ce an kwantar da ita ne kawai an tura ta cikin wani abu mai ƙara kamar injin niƙa, likita ta ce kanta lafiya lau, ta kuma hango Aina'u ta taga har ta ɗaga mata hannu.

"Sun bari kin dawo ne don mu saki jiki," in ji Larai. Amma ranar ta yi buɗa-baki da kunu kofi biyu.

Ranar Talata da hantsi aka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Sha'aban ne. Ɗan dako ne a kasuwar hatsi ta Dawanau, shekara ashirin yana ɗora buhun gero da wake a ka yana hawa katako zuwa bayan tirela. Ya biyo ta hanyoyin gona don kauce wa shinge, ya zo jaje da ɗan ƙullin dabino. Ya cire takalmi, ya tsuguna nesa, kusa da turmi. Larai na murza ƙuli, ta gyara zama ta ba shi gefe, fuskarta na kallon katanga.

Hirarsu kullum sai da ɗan aike, ko da taku huɗu ne tsakaninsu. In ba mutum a gidan, kaza ma takan yi. Yau Hafiza na nan.

"A tambayi baƙo ya ya baro mutanen gida."

"Hafiza, ce wa Gwaggo kowa lafiya. Baba Yahya na gaisuwa, ƙafa ce ta hana shi."

"A ce masa rana ta yi zafi, da ya bari sai bayan salla."

"Ce mata dama ba aiki sosai. Kwana uku ma ban ɗauki kaya ba, kai ya matsa mini."

Hannun Larai ya tsaya a cikin tunkuza. Ba ta juya ba. Dama ba fuskarsa ta sani ba, ƙafafunsa ta sani da inuwarsa. A inuwa ta ga ya yi tsawo, a inuwa ta ga ya yi gemu, a inuwa ta ga kafaɗarsa ta karkace saboda dako. Yanzu ta saci kallon ƙasa, sai ga inuwar ta ɗaga hannu ta dafe ƙeya, ta matsa, ta sake matsawa da babban yatsa. Ta san wannan matsawar. Ta gan ta shekara goma sha biyu da suka wuce a daidai gindin turmin nan.

Ta wanke hannu, ta ce a shimfiɗa wa baƙo tabarma a zaure ya huta, ita za ta karɓo saƙo. Ta miƙe sai asibiti. Malam Abdulrashid ya sha mamaki da ya ji Larai da bakinta na cewa a kira mata Babarbariyar nan. Sai da suka yi kira huɗu kafin a ɗauka.

"Bafulatana, yau ke ce da nemana? Ko saniya ta ɓata?"

"Tambaya ce. Akwai wani ɗan wana, shi ma yana ciwon kai. A ba shi takardar."

"Ɗan wanki, wato ta wajenki. Ba jinin Malam ba ne ke nan."

Larai ta kalli gefe. "A hannun wana yake."

"Inna, a zafin nan da azumi rabin Kano na ciwon kai, har da ni. Malam Abdulrashid ya auna jininsa ya ba shi magani. Na'urar nan ɗaya ce, mutane na layi a kanta, ba zan iya sa kowa ba. 'Ya'yan Malam na sa a gaba don dalili. Amma idonsa fa? Kin duba?"

"Ban duba ba."

"Yana gidanki?"

"Yana nan."

"To me ya hana ki dubawa?"

Kafin Larai ta nemo amsa, fuskar likita ta daskare da baki a buɗe, sabis ya ɗauke. Larai ba ta taɓa godiya ga kamfanin waya ba sai ranar.

A gida ta ja Hafiza bayan rumbu ta ce ta je ta leƙo mata idon baƙo, na hagu. Hafiza ta je ta dawo.

"Ni dai ban ga komai ba. Yaya ai dama haka idonsa yake, kamar mai jin barci."

"Dama haka yake, ko yanzu ya zama haka?"

"Wallahi Inna ban sani ba. Wa ke zama yana auna idon wansa?"

Ta aiki matar maƙwabci, ta dawo ta ce garau yake. Ta tambayi wani tsoho da ke wucewa da jaki, ya ce kamar dai ya ɗan kumbura, ko kuma na daman ne. Mutum uku, magana uku. Larai ta zauna a bakin murhu tana huci. Matar da ba ta yarda da kwanon awon wani ba, yau an ce ta karɓi awon ido daga Hafiza, wadda ko tsakuwa ba ta iya tsincewa a shinkafa.

Bayan azahar Sha'aban ya aiko a ce wa Gwaggo zai koma. Ya fito da babur, ya ɗora ƙafa zai tayar. Sai ga Larai a bakin zaure, ba Hafiza, ba kaza.

"Ɗago."

Ya waiga bayansa ya ga ko da wani take.

"Da kai nake. Ɗago kanka."

"Gwaggo, lafiya?" A ransa ya gama yanke cewa Aina'u ce ta rasu ake ɓoye masa.

Ta matso har tana jin warin fetur a rigarsa, ta kalle shi. Abin da ta fara gani Malam Khalilu ne, hanci da goshi da komai, kamar an tono shi an ɗora a babur. Ta ga furfura a gemun da take zaton baƙi ne wuluk. Ta ga wani tsohon tabo a girarsa, ba ta san yaushe ya ji ciwon ba, ba ta san wa ya wanke masa ba. Sannan ta tuna abin da ya kawo ta. Na dama a buɗe yake. Na hagu ya sauko, ba da yawa ba, kamar labulen da ƙusa ɗaya ta saki.

"Yaushe ya fara?"

"Me?"

"Idon."

"Shekaranjiya ne. Ƙurar wake ce, Gwaggo. Sai dai ina ɗan ganin abu bibbiyu."

"Sauko. Bi ni."

A hanya da ya gane inda suka nufa, ya ja tunga. Ya ce shi ba inda za shi. A Dawanau kowa ya san zancen, ana ɗibar yawunka ka zama mai korona, a kulle ka a tanti, iyalinka su ji a rediyo. Ya ce shi da ya ɗauka Gwaggo ce ta ƙarshe da za ta faɗa hannun mutanen nan.

"Ni ma ban yarda da su ba," in ji Larai, ba ta ko rage tafiya ba. "Ko kaɗan. Amma na ga idon."

Ranar kuwa ranar awon ciki ce da aka ɗage zuwa yamma saboda zafi. Mata sun kai goma sha biyar a inuwar asibiti, an ce su zauna nesa da juna, sun haɗe kai suna hira. Ga mai unguwa da mutum biyu sun zo duba takinsu. Duk suka bi Larai da kallo tana hawa tsibi, Sha'aban na tsaye a ƙasa kamar wanda aka kamo da kaza a riga.

Waya ta shiga. Iska na kaɗawa, murya na zuwa tana yankewa.

"Na duba," in ji Larai. "Ya sauko. Na hagu."

Dariyar da ke fuskar likita ta ɓace. Ta ce a juyo mata da shi. Malam Abdulrashid ya kira shi ya hau, ya ɗaga masa fatar idon da yatsa, ya kusanto da wayar. Likita ta ce ya kalli sama, ya kalli hanci, ta tambaye shi ciwon kan. Sannan ta ce a mayar mata da Inna.

"Wannan ko ɗan waye, yau zai taho, ba gobe ba. Amma Inna, ki gaya mini gaskiya, don abin da zan faɗa wa masu aiki ya danganta da shi. Ɗan wanki ne?"

Larai ta kalli matan, matan na kallonta. Wata tsohuwa da ta rako jikarta, wadda ta ci tuwon sunan yaron da bakinta, ta sa hannu ta rufe baki.

"Na Malam ne," in ji Larai ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba, Inna, ɗaga murya."

"Na ce na Malam ne! Shi ne na fari!"

"Ke kika haife shi?"

"To da wa zai haife shi, ke?"

"Sunansa? Zan rubuta a takardar shinge yanzu."

Malam Abdulrashid ya buɗe baki zai taimaka, shi ma sai ya tuna bai san sunan ba. Sha'aban kuwa ya sunkuyar da kai ya yi gum, kamar ba shi da harshe. Wasu na cewa kunya ce ta kama shi. Wasu na cewa da gangan ya yi, yana so ya ji.

"Sha'aban," in ji Larai.

Fuskar likita ta daskare, ta dawo. "Ya yanke, Inna. Sha me?"

"Sha'aban!"

"Sha'aibu?"

"Sha'aban! Sha'aban Khalilu! Ke kurma ce? Wa ya ba Barebari aikin likita?"

Har masu jaki a bakin hanya sun ji. Ba wanda ya yi dariya sai mai unguwa, shi ma ya mayar da ita tari. Larai ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta sauko a makance, ta zame a kan takin, ta ƙi yarda kowa ya kama ta.

Kafin la'asar takarda ta shigo wayar Malam Abdulrashid, aka samo mota daga Tsanyawa. A birni na'ura ta nuna kumburin a bayan idon hagu, bai kai ga fashewa ba. Aka yi masa aiki a satin. Ya yi salla a gadon asibiti, ɗaki biyu tsakaninsa da Aina'u. Yawun ma ya tofa, bayan ya sa an rantse masa ba mota a baya.

Yanzu ya bar dako, likita ta hana. Yana nan Dawanau a wata rumfa da babbar allura yana ɗinke bakin buhu, yana ba sababbin 'yan dako labarin yadda aka buɗe masa kai aka ga hankali ya yi yawa aka rage. Aina'u ta warke, sai ɗan jan ƙafa.

Maganar yawu kuwa sai da aka shekara. Likita Amsa ta kira, Larai ta hau sabon tsibi, don tsohon ya tafi gona. Likita ta ce sun ga wata alama iri ɗaya a na Aina'u da na Sha'aban, babu ita a na Hafiza, amma gida ɗaya bai isa a yanke magana ba, sai sun tara gidaje da yawa.

"Shekara guda kuna kallon yawu ba ku gane komai ba," in ji Larai. "Ni kallo ɗaya na yi. Sauran yawun kuma ina kuka kai shi?"

Har yau ba ta gamsu da amsar ba. Sunan ma ba ta sake faɗa ba, ta koma "na Makoda" abinta, watan kuma ya koma na sha ruwan tsofaffi. Abu ɗaya ne ya sauya. Duk ranar da ya zo, kafin ya kai ga tsugunawa a gindin turmi sai ta taso ta ce ya ɗago. Ta duba na hagu, ta duba na dama, ta sake duba na hagu don ba ta yarda da dubawar farko ba. Sannan ta koma wurinta, ta juya wa katanga fuska, ta ce wa kaza a tambayi baƙo ya hanya.